Hannun da Ba a Kira Ba

Gure, ranar Juma'a bayan la'asar, cikin bazara.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki a durƙushe, yadda kika koya mini gaishe da manya. Ina fatan kina cikin sanyin rahamar Ubangiji, don mu nan zafi ya ishe mu, ko randa ba ta iya sanyaya ruwa. Gida lafiya lau. Surukinki yana miƙa gaisuwa, dangi na Gamu ma duk kalau suke.

Na san ba a kai wasiƙa inda kike. Amma shekara shida ke nan da tafiyarki, kuma har yau in abu ya same ni, ke nake fara ba wa labari a zuciyata kafin in gaya wa kowa. Wannan karon labarin ya yi wa zuciya yawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Tsofaffin ɗalibaina za su gani a shafina, su karanta. Ki ƙyale su, yaran kirki ne.

Inna, na karye.

Kada hankalinki ya tashi. Hannu ne kawai, kuma sauƙi na ta samuwa. Sai dai na dama ne.

Kin san tsawona, tunda ke kika laƙaba mini Gajeruwa. Allon ajinmu kuwa don dogayen mutane aka kafa shi. Kullum da safe sai na hau benci kafin in rubuta kwanan wata a can sama, da rubutun nan nawa mai lanƙwasa wanda nake ji da shi. Ƙafar bencin ɗaya ta gaza, mun daɗe muna tallafe ta da guntun bulo. Wata Talata da safe bulon ya goce. Na tafi ƙasa, na tokare da hannu, na ji ƙas! Yara hamsin da huɗu suka miƙe tsaye lokaci guda, kamar babban baƙo ya shigo. Ni kuwa ina kwance a ƙasa, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, “Ku zauna, ku buɗe kayenku,” wato littattafansu na rubutu. Da na duba hannuna, allin yana nan tsakanin yatsuna, ko tsagewa bai yi ba. Ƙashin mutum ya karye, alli ya tsira. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

A asibiti aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi. Lokotoro ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin ya rabu, kusa da wuyan hannu. Aka zuba mini siminti tun daga tafi har saman gwiwar hannu, aka rataye shi a wuyana da bandeji. Ya ce sati shida kafin a cire, bayan nan kuma sai an daɗe ana lallashin hannun kafin ya yarda ya ɗagu sama.

Da kin ga gidanmu a kwanakin nan, da kin ce suna ake yi. Ƴan dubiya ba sa yankewa. Kowacce ta ce barka da arziki, ta zauna, ta ba ni labarin wani kawunta da ya faɗo daga bishiyar dabino, ko wata ƙanwar kakarta da saniya ta take. Daga nan sai magani. Wannan ta ce madara safe da yamma. Waccan ta ce romon ƙafar sa. Wata ta ce kada in kuskura in ci tsami, ta bayanta ta ce tsamiya ce ma maganin. Na ce to ga kowa. Ke kika ce mini mai dubiya ba a yi masa gardama, a bar shi ya tafi da ladansa cikakke.

Rana ta uku ƙanwarki Iya Kaltume ta sauka daga motar Gamu, da ƙullin kayanta a ka da kwalbar man shanu a hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta hau faɗa, don me ba a kai ni wurin mai ɗori ba. Ta ƙwanƙwasa simintin da yatsa, ta kalli surukinki ta ce, “Ƙashin ƴata ne ko ginin kanti, da za ku zuba masa siminti?” Da ta ga ba yadda za ta yi da shi, sai ta buɗe kwalbarta ta shafe simintin da man shanu tas. Na ce, Iya, ai ba zai kai ga fata ba. Ta ce, “Zai ratsa. Man shanu ba ya ɓata hanya.” Abin da bai ɓata hanya ba kiyashi ne. Kafin azahar sun yi layi daga bakin ƙofa har kan kafaɗata.

Ban san mutum yana da aiki da hannu biyu haka ba sai da ɗaya ya tafi hutu. Ɗaurin zani kawai ya zama darasi. Yanzu sai in cije gefe ɗaya da haƙori, in danne ɗayan da ƙugu a jikin bango, in juya kamar mai rawa. Kallabi kuwa surukinki ne ya ɗauki nauyinsa. Ranar farko ya naɗa mini shi kamar rawanin mai gari, maƙwabciyata ta shigo ta ce ranki ya daɗe, yaushe aka yi naɗin?

Shi dai surukin naki, Inna, ki sa masa albarka. Mutumin da bai san inda muciya take kwana ba, ya tsuguna gaban murhu yana tuƙa tuwo, gumi na zuba, Iya Kaltume na tsaye a kansa kamar sojan horo. Tuwon farko ya fito da gudaji manya-manya. Muka ci, muka yaba. Ya ce gudajin da gangan ya bar su, don mai karaya tana bukatar abin taunawa.

Alwala ta ba ni tsoro da farko, sai liman ya aiko cewa in wanke abin da ke wankuwa, in shafa a kan simintin, Allah ya san halin da nake ciki. Ƙaiƙayi kuwa ba malamin da ya iya masa. Zafin bazara ya shiga ƙarƙashin simintin ya zauna. Na riƙa zura tsinken tsintsiya ina sosawa, har ran da na koma asibiti lokotoro ya ga guntun tsinke ya leƙo. Ya zaro shi, ya ɗaga, ya ce, “Madam, in ɗalibinki ne ya yi wannan, me za ki yi masa?” Na sunkuyar da kai kamar ƴar aji ɗaya.

Cin abinci ne ya fi ba ni mamaki. Liman ya ce lalura ce, in ci da hagu da cokali, ba laifi. Amma duk ran da aka ajiye kwano, na yi bismillah, sai hannun ya je bakin kwanon ya tsaya cak. Ba ciwo yake ba. Tsayawa kawai yake, kamar baƙon da ya iso ƙofar gida yana jiran a amsa masa sallama. Sai na lallaɓa shi kafin ya shiga. A lokacin ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Duk wannan wasa ne. Ga abin da ya hana ni sukuni.

Rana ta biyar Darakta ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, ya kawo madarar gwangwani, ya zauna a bakin tabarma yana ta juya hularsa a kan gwiwa. Na san da magana a bakinsa. Ke ba ki taɓa zama a aji ba, Inna, bari in gaya miki yadda lakwal, makarantar tamu, take. Littafi ɗaya yara da yawa ke haɗa kai a kansa, wani darasin ma babu littafin sam. Allo shi ne littafinmu. Abin da malama ta rubuta, shi yaro zai kwafa, shi zai kai gida ya karanta, da shi zai shiga jarrabawa. Malamar da ba ta rubutu a allo kamar mai tallar fura ce ta fito ba ludayi.

Ni ce ke riƙe da ajin ƙarshe, kuma saura wata biyu su zauna jarrabawar sartifika, ta gama firamare. Darakta ya ce, “Madam, ba don na ƙi ki ba. Hutun jinyarki zai ƙare nan da kwana tara, ran Litinin. In ranar ba ki iya allo, dole in haɗa ajinki da ɗaya ajin ƙarshen. Ke ki huta abinki har a dawo daga babban hutu.”

Na ce yaran su riƙa rubutawa, ni ina faɗa. Ya girgiza kai, ya tuna mini mun taɓa gwadawa. Kuskure ɗaya a allo, kuskure hamsin da huɗu ke nan a cikin kaye. Gaskiya ya faɗa.

Shekara uku nake tare da yaran nan, Inna. Na san wanda ba ya gani sosai amma yana jin kunyar faɗa. Na san wadda sai ta yi jigilar ruwa kafin ta zo, shi ya sa take gyangyaɗi. Ƴan bencin baya, bana ne karatu ya fara zauna musu, kamar shukar da ta tsiro a makare. In aka zuba su cikin ajin da ya riga ya cika, su wuce ɗari a ɗaki guda, ba wanda zai sake jin muryarsu har ranar jarrabawa. Malamin can ba mugu ba ne, ido biyu kawai gare shi. Bayan Darakta ya tafi na daɗe zaune ina kallon simintin nan, ina jin haushinsa kamar shi ya ture bencin.

Washegari da hantsi akuyar maƙwabta ta kawo mini mafita, ba ta sani ba. Iya Kaltume ta shanya kuɓewa a tsakar gida, akuyar ta shigo ta zaure ta nufe ta kai tsaye. Ina zaune a bakin ɗaki, ga goriba a gefena. Ban yi tunanin komai ba. Na dai ga goriba ta tashi ta ratsa tsakar gidan nan duk faɗinsa, ta sauka a tsakanin ƙahonin akuyar, ƙwal! Ta juya da gudu har tana karo da ƙyaure. Surukinki ya ajiye butar hannunsa ya ce, “To! Shekara goma sha biyu muna tare, ashe maharbiya na aura?” Muka yi ta dariya. Iya Kaltume ce kaɗai ba ta yi ba. Ta zuba wa hannuna na hagu ido, can ta ce, “Ya farka.”

A nan na tuna, Inna. Duk ya dawo mini.

Na tuna gidanmu na Gamu, da inuwar rumbu inda muke cin tuwon rana. Ina shekara biyar ko shida. Da an ajiye akushi, hannuna na hagu ne ke riga kowa isa. Sai ki kama shi a hankali, ki mayar da shi baya, ki ɗaure mini shi a ƙugu da wani koren kallabi mai bakin rawaya. Ba ki taɓa dukana a kai ba. Ba ma da ni kike magana ba, da hannun kike yi. Sai ki ce masa, “Kai, koma. Ba kai aka kira ba.”

Na tuna yadda na riƙa zubar da miya a ƙirji, yayyena suna dariya. Na tuna in an gama sai ki kwance ni, ki murza mini inda kallabin ya kwanta, ki sa mini dabino ɗaya a hannun dama. Daga wata damina zuwa wata kika yi haka. Kafin a sa ni lakwal, dama ta karɓi komai: cokali, tsintsiya, har bik na rubutu. Hagu kuwa ya koyi zama a baya. Har na girma, har na zama malama, in ina zagaya aji hannun hagu yana bayana a naɗe. In yara suna kwaikwayon tafiyata, abin da suke fara yi ke nan. Ban taɓa sanin daga ina na samo wannan ba.

A ranar ce na yi ƙorafin bandejin asibiti yana yankan wuyana. Iya Kaltume ta tashi, ta buɗe akwatin da na adana ƴan kayanki, ta yi ta tono har ƙasa. Sai ga koren kallabin nan. Ya koɗe, bakin rawayan ya koma fari-fari, amma shi ne. Ta ninka shi, ta tallafe simintin da shi, ta ƙulla a bayan wuyana. Ta ce, “Shi ya ɗaure wancan, to ya ɗauki wannan, ya biya.” Na sa hanci na shinshina. Ban san ko ƙamshinki ne ya rage ba, ko ni ce na sa shi da raina.

Daga nan ta sauko da faifanki guda daga cikin ukun da na rataye a bangon ɗaki. Ta ɗauko nata da ta rufo ƙwarya da shi daga Gamu, ta jera su a kan tabarma. Ta ce in duba inda basilla ta shiga, in bi zagayen kabar da yatsa. Na bi. Nata ya zagaya ta nan, naki ya zagaya ta can. Shekara shida ina kallon faifan nan kullum, ban gani ba. Ta ce, “Uwarki bahaguwa ce, Gajeruwa. Ta ma fi ki.”

Inna, me ya sa ba ki gaya mini ba?

Ita ta ba ni labarin. Ta ce kina sabuwar amarya a gidan Baba, mata cike da tsakar gida, aka ce ki kawo wa wata gwaggonsa ruwa. Kin durƙusa yadda ya kamata, kin sunkuyar da kai, amma ƙwaryar tana hannun hagu. Tsohuwar ta karɓa ta kwarar da ruwan a ƙasa, ta ce a wanke ƙwaryar a sake kawowa. Sunan Bahaguwa ya bi ki a gidan nan har sai da kika yi haihuwar fari. Tun daga ranar ba wanda ya sake ganin hagunki a gaban mutane.

Sai na tuna yadda kike ɗinkin faifai. Kullum a cikin ɗaki, kin ba ƙofa baya, kin fuskanci bango. In na tambaya sai ki ce, “Hasken ya fi kyau ta nan.” Wane haske ne a jikin bango, Inna? Na yi dariya, na yi kuka, duk a zama ɗaya, Iya Kaltume tana cewa in bari kada hawaye ya jiƙa simintin kanti.

Na tambaye ta ko in na riƙe alli da hagu na saɓa miki. Ta ce, “In daman ya warke, ki ci abincinki da shi, ki miƙa wa mutane abu da shi, wannan tarbiyya ce. Amma alli ba tuwo ba ne. Rubuta abinki.”

Haka na sa hannuna na hagu a aji ɗaya, yana da shekara talatin da bakwai. Kin ga ɗalibi mai ƙwazo amma bai taɓa shiga lakwal ba! Kullum bayan la'asar sai in share yashin tsakar gida, in ɗauki kara. Ranar farko haruffan suka juya mini baya, suka nufi hagu daga dama, kamar jakin da ya san hanyar gidansu. Na dawo da su. Rana ta biyu suka tsaya, amma kowanne da tsawonsa, wani ya yi ciki, wani ya rame. Rana ta uku kaji suka bi ta kan darasin.

Daga yashi na koma allon hannu irin na yara, daga nan na koma jikin ƙyauren madafa da alli na gaske. Surukinki ya naɗa kansa ɗan bencin baya. Sai ya je can bakin zaure ya tsaya, ya ƙanƙance ido, ya karanta da ƙarfi, ya ba ni maki. Ranar farko ya ce biyu bisa goma, ɗaya ma don zumunci ne. Iya Kaltume, wadda ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, ta ce zalunci ne, ita a wurinta rubutun ya fi na kowa kyau a garin nan. Kafaɗata ta yi tsami, yatsuna suka yi kanta. Amma abin mamaki, hannun bai taɓa yi mini gardama ba. Kamar mai jira ne aka ce masa bismillah. Ran Lahadi da yamma ɗan bencin baya ya ce bakwai, kuma ba zumunci a ciki.

Ran Litinin na sa atamfata mai shuɗi, Iya ta gyara mini ƙullin koren kallabin a wuya, na tafi. Yara suka miƙe suka gaishe ni da murya ɗaya har rufin kwano ya amsa. Bencin nan an fitar da shi. Darakta ya shigo ya wuce can baya, ya jingina da bango, ya harɗe hannu.

Na tsaya gaban allo. Inna, ba zan ɓoye miki ba, da na nemi hannun sai na tarar ya riga ya gudu bayana, ya naɗe a inda ya saba. Ido hamsin da huɗu sau biyu a kaina, ga na Darakta. A tsakar gida ba kunya, amma nan gaban mutane ne, kuma shi an koya masa ba ya fita gaban mutane. Na ji muryarki sarai, kamar kina zaune a inuwar rumbu: kai, koma. Sai na ce a raina, Inna, ki yi mini izini, yau shi aka kira.

Na ɗauki alli. Ban nemi saman allo ba, na fara daga inda tsawona ya kai. Allin ya yi ƙara, kiii, yara suka toshe kunne. Wani daga tsakiya ya kasa riƙewa ya ce, “Lah, Madam bahaguwa ce!” Ajin ya yi tsit, suna jiran faɗa. Na juyo na ce, “Ƙwarai kuwa. Gadon uwata ne. Ku ɗauki bik.” Dariya ta tashi, ta kwanta, kawuna suka sunkuya.

Na rubuta kwanan wata. Na rubuta kan darasi, na ja layi a ƙarƙashi, layin ya ɗan hau tudu ya sauko. Na ci gaba, jimla bayan jimla, har allon ya cika rabi. Can na lura da wani abu. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa, kullum sai na ji “Madam, ki gusa, ba ma gani,” don mai rubutu da dama jikinsa yana tare abin da ya rubuta. Ranar ba wanda ya ce haka. Mai rubutu da hagu yana gefe, rubutun yana fili a bayan hannunsa. Ina rubutawa suna kwafewa, ba jira. Muka gama darasin da sauran lokaci.

Darakta ya sa ƴan bencin baya su tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta layi guda daga allo. Suka karanta. Da ɗan tuntuɓe, amma irin tuntuɓen da suka saba ne, ba na rubutuna ba. Da na ƙarshe ya zauna, Darakta ya tako gaba, ya ƙare wa allon kallo, ya ce, “Madam, bai kai rubutunki na da ba. Amma ya fi nawa.” Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Ajinki ne. Kada in sake ganin ki a kan benci.”

Inna, sun bar mini yarana.

Akwai abin da zan amsa a gabanki. Ni ma na yi wa ƴaƴan mutane abin da kika yi mini. Ba da kallabi ba, da bakin rula. In na ga yaro ya riƙe bik da hagu sai in ɗan taɓa masa yatsu in wuce, ko dabino ba na bayarwa. Ban taɓa tambayar kaina ba. Daga wannan Litinin na daina. Zan ci gaba da koya musu su ci da dama, su karɓa da dama, su gaisa da dama, yadda aka koya mana. Amma bik da alli, kowa ya riƙe da hannun da Allah ya saka masa rubutu a ciki. Tsofaffin ɗalibaina da na taɓa wa yatsu, na san wasunsu suna karanta wannan. Ki taya ni roƙonsu su yafe wa Madam.

Ke kuwa ba ni da abin da zan yafe miki, don ba ki yi mini laifi ba. Yanzu na gane, duk ran da kike ɗaure hannun nan, ruwan da aka kwarar a gabanki kike gani. Ba ki so a kwarar da nawa. Abin da ke cina kawai shi ne shekarun da kika yi kina fuskantar bango. Da na sani, da na shigo na zauna kusa da ke, mu juya mu fuskanci ƙofa, ki koya mini ɗinkin da hannun da muka iya mu biyu.

Na sauko da faifanki guda na kai aji. Da shi nake rufe kwanon alli. Duk safiya kafin in fara, sai in bi zagayensa da yatsa, ta inda kika bi.

Saura sati biyu a fasa simintin. Iya Kaltume ta ce ba za ta koma Gamu ba sai ta ga abin da man shanunta ya yi. Surukinki ya iya tuwo har ya fara yi mini gori. Akuyar nan ba ta sake leƙowa ba. Yara suna ta bita, ƴan bencin baya sun fara ɗaga hannu tun ban kira su ba. Ki ga takardar nan ma, kafin in buga ta a waya sai da na rubuta ta duka a cikin kaye, shafi bakwai, da hagu. Wannan ce wasiƙarsa ta farko a duniya, kuma ke ya rubuta wa.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata makwancinki, ya cika shi da haske ta kowane gefe, har ba sai kin nemi inda ya fi kyau ba. Ya saka miki da alheri a kan kowane dabino da kika sa mini a hannu. Ya gafarta miki, ya gafarta wa Baba, da tsohuwar nan da ta kwarar da ruwa. Ya ba yarana sa'ar jarrabawa, ya haɗa ƙashina yadda ya halicce shi. Ranar da za a raba takardu kuwa, Allah ya ba ki taki a hannun dama, ni ma ya ba ni tawa a nan, mu haɗu inda ba a cewa kowa ya koma. Amin.

Ki huta lafiya.

Taki har abada,
Gajeruwarki, Zainabu,
da hannun da yau aka kira, ya kuma amsa.